Ana neman ƙirƙiro mana sabon aiki a Legas, wanda ke hannunmu kuma ana ƙwacewa

Duk sanda gwamnati ta tashi maganar samar da aikin yi a ɓangaren hidima, ku lura da hoton da ake sakawa, matashi ne da laftof a gabansa ya maƙala abin sauraro a kunne yana zaune cikin sanyin esi. Ni wallahi ban ƙi wannan ba, ina ma a ce yaranmu ne a kujerun nan. Amma a Agege nake zaune, kuma abin da idona ke gani kullum shi ne ɓangaren hidimar nan da ake ta cewa za a gina ai ginanne ne tun tuni, mutane na cikinsa daga asuba har tsakar dare, sai dai ba a lissafa su cikin masu aiki, ana lissafa su ne cikin abubuwan da za a share daga kan titi.

Aikin hidima dai shi ne duk wanda ba noma ba ne ba kuma ƙera kaya a masana'anta ba, sufuri da saye da sayarwa da banki da sadarwa da otal da gadi da aski da wanki da guga, duk suna ciki. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS sun nuna wannan ɓangaren shi ke kawo sama da rabin arzikin da Najeriya ke samarwa a shekara, ya fi noma ya fi man fetur nesa ba kusa ba. Ita dai hukumar ce kuma ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba su da takardar ɗaukar aiki, ba albashi ba fansho, kowa buga-bugarsa yake yi. Toh ka haɗa biyun nan ka gani mana. Yawancin masu aikin hidima a ƙasar nan ba mai laftof ba ne, ɗan garuwa ne da mai shayi da ɗan dako da mai POS da mai yankan farce.

Ka fito bayan sallar asuba ka tsaya a bakin layinmu kawai. Mai shayi ya riga ya hura wuta ya jera gwangwanayen madara da burodin Agege, ɗan garuwa ya wuce da kurarsa jarkoki na ta ƙara saboda yawancin gidajen nan ba ruwan famfo sai na burtsatse, mai gadin da ya kwana a Ikeja ya sauko zai sha shayi ya je ya kwanta, masu keke sun fara lodi, yarinya mai POS tana kafa lemarta tana ɗaure ta da igiya a jikin turken wuta don kar iska ta ɗauke, can kuma 'yan dako na jiran motar kaya. Babu ɗaya a cikinsu da gwamnati ta ba aiki. Kowa da kansa ya ƙirƙiro, da jarin da bai taka kara ya karya ba, kuma kusan kowannensu akwai bakuna biyar shida a Jigawa ko Katsina ko Sakkwato ko Zamfara da ke jiran alat ɗinsa ƙarshen sati.

Shirye-shiryen gwamnati kam akwai su, ba zan ce babu ba. Lokacin Buhari an yi N-Power tun 2016 ana ba masu digiri dubu 30 a wata, an yi TraderMoni na dubu 10 da Osinbajo ya dinga shiga kasuwanni. Gwamnatin Tinubu ta zo da 3MTT a 2023 ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani, wai a koya wa mutum miliyan 3 aikin kwamfuta, ga NATEP da aka ce zai samar da aiki miliyan 1 cikin shekara biyar ta hanyar yi wa kamfanonin ƙasashen waje aiki daga nan gida, a 2024 kuma mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya je Gombe ya ƙaddamar da wani shirin makamancin wannan. Tunanin ba laifi gaskiya, Indiya da Filifin sun ci abinci sosai da irin wannan aikin na amsa waya da rubuta manhaja. Duk yaron da ya yi boko ya iya Turanci ina ba shi shawara ya cike, kar ya tsaya cewa ai sai mai hanya. Amma yaron da ya sauko daga bayan tirela a Mile 12 da buhun kayansa, allo kawai ya yi ko ya tsaya a firamare, wanne daga cikin shirye-shiryen nan ne aka yi dominsa? Kuma fa irinsa su ne suka fi yawa.

Maganar acaba ita ta fi ci min rai don haka bari in daɗe a kanta.

Tun 2012 lokacin Fashola aka yi dokar da ta hana okada hawa tituna 475. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamna Sanwo-Olu ya hana okada da keke a ƙananan hukumomi shida, Apapa da Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland. A watan Yunin 2022 aka sake jaddada hanin okada a waɗannan shidan da ƙarfin gaske, watan Satumba aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Mashin ɗin da aka kama ba tara ake biya a karɓa ba, niƙe shi ake yi, mun ga hotunan yadda ake tara su ana murƙushewa kamar gwangwani.

Zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu 'yan uwana daɗi ba, gwamnati tana da hujja. Haɗarin mashin ya nakasa mutane da yawa a garin nan, ana fashi da mashin, wasu yaranmu suna bin hannun da ba nasu ba a babban titi ba hular kwano ba lamba ba lasisi, in an yi musu magana su taru a kan mutum, kuma kisan da aka yi wa wani bawan Allah a Lekki a watan Mayun 2022 wanda aka zargi 'yan okada da shi abu ne da babu mai imanin da zai kare. Sannan masu cewa don an tsani Hausawa ne kawai, su tuna Abuja ta hana acaba a tsakiyar birni tun 2006 lokacin El-Rufai, Kano ma da kanta ta hana a 2013 lokacin Kwankwaso. Ba a Ikko aka fara ba.

Inda nake da ja shi ne me aka tanada wa mutumin bayan an raba shi da mashin. A Kano da aka hana acaba, adaidaita sahu ta cike gurbin, da yawan 'yan acaban suka koma can. A nan kuwa a 2020 keken ma haɗawa aka yi da shi. An kawo ƙananan motocin bas na shiga unguwanni a 2021, an kawo tasin Lagride a 2022, ga jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023, ga Red Line da ke bi ta nan Agege tun 2024, kuma ni da kaina ina hawa ina jin daɗinsa don ya rage min wahalar zuwa Oyingbo. Duk wannan fasinja aka yi wa gata. Shi ɗan acaban fa? Wanda zai tuƙa waɗancan motocin sai yana da lasisin mota da katin makarantar direbobi ta jiha da katin mazaunin Legas da garanto, ga kuɗin ajiya, yaron da mashin ɗinsa na bashi ne yana biyan balas kullum ina zai samo wannan cikin wata ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure min kai, a 2020 ɗin nan akwai kamfanonin da suka riga suka fara yin abin da ya kamata a ce gwamnati ce ta tilasta a yi. Kamfanonin okada irin Gokada da MAX da ORide ta OPay suna koya wa direba tuƙi, su ba shi hula biyu tasa da ta fasinja, mashin da lamba, ana ganin inda yake ta waya, in ya yi laifi an san inda za a same shi. Wato ga tsari ya fara shigowa harkar da kansa da kuɗin masu zuba jari, ba da kobon gwamnati ba. Hanin ya haɗa da su duka. Gokada ta sallami ma'aikata da yawa ta koma kai saƙo, OPay ta rufe ORide ta kama harkar kuɗi. A Kigali ta Ruwanda mashin na aiki har gobe a tsakiyar birni mai tsafta, kowa da rigarsa mai lamba da hula biyu da ƙungiyarsa. Ba cewa nake Legas daidai take da Kigali ba, cunkoson ba ɗaya ba ne, amma tsakanin barin abu kara zube da niƙe shi gaba ɗaya akwai hanya ta tsakiya, ita ce ba a yi haƙurin gwadawa ba.

Akwai wani yaro ɗan wajen Haɗeja da ke kwana a shagon maƙwabcina, an kama mashin ɗinsa ya zauna ba aiki har ya fara tunanin komawa gida, kuma gidan ma ba abin da zai tarar. Na ce masa ya gwada aikin kai saƙo tunda shi ba a hana ba. Ya ce min, "Yaya, tuƙi ba matsalata ba ce, na san Ikeja kamar tafin hannuna, amma in suka turo adireshi a waya ban iya karantawa da sauri ba, kuma sun ce sai na kawo garanto mai aikin albashi." Kun ji fa abin da ya tsaya tsakaninsa da aiki. Karatun adireshi, bin taswirar waya, 'yan kalmomin Turanci na gaida kwastoma, da mutum ɗaya da zai sa hannu. Da dare bayan isha'i yaran shagon suka dinga zama da shi suna nuna masa yadda ake bin shuɗin layin nan na taswira, ya dinga haddace sunayen tituna da yadda ake rubuta su, wani Alhaji mai shagon kayan masarufi ya nemo masa wanda ya tsaya masa. Yanzu yana aiki da akwati a bayan mashin, ranar da na gan shi cikin rigar kamfani yana duba waya a bakin gada sai da na ji wani abu a raina.

Abin da 'yan shago suka yi wa yaro ɗaya kyauta, me zai hana gwamnati ta yi wa dubbai? Makarantar dare ta wata uku a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Ijora, a koyar da karatun adireshi da dokar titi da amfani da manhaja, cikin Hausa da Yarbanci da Turancin buroka, in ka gama a ba ka lasisi da katin da kamfani zai yarda da shi a madadin garanto. Wannan bai kai kuɗin gada ɗaya ba. Aikin kai saƙon ma ba wai tabbas gare shi ba, Jumia Food da Bolt Food duk sun rufe a ƙarshen 2023, Chowdeck da Glovo ne suka rage da ƙarfi, kuma masu yi suna kukan yawan takardu da sitika na ƙananan hukumomi daban-daban da ake tare su a kai. Ko a 2020 sai da hukumar gidan waya NIPOST ta ƙara kuɗin lasisin kamfanonin kai saƙo, mutane suka yi ca, minista Pantami ya dakatar. Ka ga ƙofa ɗaya da ta rage a buɗe ita ma ana ta jibga mata duwatsu.

Haka labarin yake ta ko'ina in ka duba. Mai tura kurar shara an hana shi tun 2018 an ce aikin kamfanonin da hukumar sharar Legas LAWMA ta ba lasisi ne, alhali akwai lungunan da motar shara ba ta taɓa shiga ba kuma ba za ta iya ba, me zai hana a ɗauki masu kurar nan a ba su riga da lamba su dinga fito da shara bakin titi suna miƙa wa motar. Mai talla a titi akwai dokar 2003 da ta ce tarar dubu 90 ko wata shida a gidan yari, shagon kasuwar zamani kuma da ake ginawa bayan an rushe tsohuwa kuɗinsa sai wane da wane. 'Yan canji, sana'ar da aka san mutanenmu da ita a Broad Street da Allen tun kafin a haife ni, a watan Maris 2024 babban banki CBN ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a rana ɗaya, daga baya ya ce mai son lasisi ya kawo jarin naira miliyan 500 ko biliyan 2. Na san akwai dalilin kare darajar naira, amma a ƙarƙashin kowane lasisi akwai yara nawa masu cin abinci, wa ya yi lissafinsu?

Gadi ma da muke ganin namu ne yana sulalewa a hankali. Da can Baba mai gadi zai shekara ashirin a gida ɗaya, ya ga an haifi yara ya ga aurensu, amana ce kawai takardarsa. Yanzu rukunin gidajen Lekki da Ikoyi da Magodo kamfanin tsaro suke ɗauka mai lasisin Sibil Difens, kamfanin kuma yana neman takardar sakandare. Na taɓa tambayar wani dattijo a masallacinmu da aka sallame shi haka, na ce Baba yanzu ya za a yi, ya ce "Ɗana, sun ce ba ni da takarda, shekarun da na yi ba a taɓa ɗaukar ko tsinke a gidan ba, wannan ba a rubuta shi a takarda." Ya kamata a ce akwai hanyar da za a gwada mutum a kan abin da ya iya a ba shi shaida, ko mai gadi ne ko mai gyaran janareto ko mai aski, ba sai ya koma aji ɗaya ba.

Wanda ya ɗan tsira shi ne POS, kuma ku duba dalili. Babban banki ya buɗe ƙofar wakilcin banki, kamfanoni irin Moniepoint da OPay da PalmPay suka sauƙaƙa samun na'ura, wahalar takardar kuɗi ta farkon 2023 ta koya wa kowa taransifa har mai suya da mai lemo. Ba wanda ya raba wa mutane kuɗi, hanya kawai aka buɗe, ga shi kowane lungu da lema. Da aka zo 2024 aka ce su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni CAC an yi ƙorafi amma an ba da wa'adi har aka ƙara, ba a aiko mota ta kwashe lemomin an niƙe ba. Irin wannan nake nufi, a sa doka a ba da lokaci a nuna wa mutum ƙofar da zai bi.

Jihar Legas tana da asusun LSETF da gwamna Ambode ya kafa a 2016 da alƙawarin naira biliyan 25 cikin shekara huɗu, ana ba masu ƙananan sana'o'i bashi, da farko ruwansa kashi 5 ne kacal, kuma ba a ce sai Bayarabe ba, mazaunin Legas aka ce. Amma sai kana da katin LASRRA, wato katin mazaunin Legas, da lambar haraji da garanto. A nan kam laifin ya dawo kanmu. Mutum ya shekara goma sha biyar a Legas bai da katin zama, ka ce ya je ya yi ya ce ai shi ɗan ci-rani ne gida zai koma, ko yana tsoron haraji ne za a bi shi da shi, alhali kullum yana biyan tikitin agbero da na kasuwa da na ƙaramar hukuma wanda in ka tara a shekara ya ninka harajin, kuma ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. Wanda ba ya cikin rajista ba ya cikin kasafi, ranar rabon wani abu ba a san da shi ba, ranar kame ne kawai ake ganinsa. Akwai kuma masu gudun bashin saboda ruwa, wannan damuwa ce ta gaskiya ta addini, kuma tunda akwai bankunan da ba sa harkar ruwa irin Jaiz da TAJ da Lotus a garin nan, ba abin da zai hana a zauna da gwamnati a nemi a fitar da wani kaso ta hannunsu, amma sai an je an nema, ba wanda zai kawo mana har gida.

Wani abin da ke sa gwamnati jin kamar komai lafiya shi ne alƙaluman rashin aikin yi. A ƙarshen 2020 NBS ta ce kashi 33.3 ne, da aka canza yadda ake lissafi sai ga shi farkon 2023 ya koma kashi 4.1, saboda yanzu in ka yi aikin awa ɗaya a sati an sa ka cikin masu aiki. An ce haka duniya ke yi, toh mun ji. Amma wannan yana nufin ɗan garuwan da ke tura kura da ciwon baya, da yaron da ke goge gilashin mota a go-sulo, duk masu aiki ne a takarda. A takarda ana ƙirga su don adadi ya yi kyau, a titi kuma ana kora su. Mafi ƙarancin albashi na dubu 85 da Legas ta sanar a 2024 bai shafe su ba, cire tallafin mai na 2023 da tsadar wuta kuwa sun shafe su kai tsaye, tambayi mai aski ko mai cajin waya nawa yake zuba wa janareto a rana.

Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni da shugabannin kasuwanninmu, ina roƙonku da girmamawa, aikin ya wuce zuwa belin yara in an kama su. A gayyato masu rajistar LASRRA da NIN su zo harabar masallatan Juma'a su kafa tebur, a yi wa kowace sana'a ƙungiya mai rajista da littafin sunaye, ta yadda ƙungiya za ta iya tsaya wa ɗanta a matsayin garanto, kuma in yaro ya yi ba daidai ba mu ne za mu fara hukunta shi kafin 'yan tas fos su zo. Gwamnonin arewa su ma da kuɗin yaran nan ke shiga ƙauyukansu kowane sati, ko malaman makarantar daren nan suka ɗauki nauyin albashinsu sun yi wani abu. A masallacin layinmu dai mun fara magana da liman kan a ba mu barandar baya tsakanin magariba da isha'i da kuma bayan isha'i, akwai ɗalibai biyu 'yan unguwa da suka ce za su koyar kyauta, abin da ya rage mana yanzu allo ne da benci da wanda zai ɗauki nauyin man janareto.